Ranar da Inna ta je belin Yaya a Maigatari

Innarmu caji ɗaya ta sani a duniya, shi ne caji ofis, wurin 'yan sanda. Ni kuwa a lokacin ina koyar da Turanci a Gumel, na san kalmar tana da fuskoki da yawa, amma ranar da ya kamata sanin ya yi amfani bai yi ba.

Wata Alhamis na je gida Sule Tankarkar. Yayana ya kai raguna kasuwar Maigatari tun da safe, har la'asar bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Sai ga maƙwabcinmu da suka tafi tare. Inna ta leƙa ta tambaye shi.

Ya ce, "Ai na baro shi a wurin caji, Inna. Ya ce sai an sallame shi."

Inna ta saki muciya ta yi salati. Kafin mutumin ya ƙara magana ta yafa mayafi, ta ce mini, "Tashi babur!" Ni ma ban tsaya tambaya ba.

A Maigatari muka zarce ofishin 'yan sanda. Wani dattijon ɗan sanda ya ba ta kujera, ya saurare ta tana rantsuwa cewa ɗanta ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba. Ya ce yau ba a kawo kowa ba. Sannan ya yi murmushi.

"Hajiya, ku duba bakin kara, inda ake sayar da dabbobi, wajen mai janareta."

Can muka sami Yaya a kan benci yana shan fura, wayarsa na cikin wayoyin da aka jera a tebur.

Inna ta ce, "Kai da aka ce kana caji?"

"Waya ce ke caji, Inna, ba ni ba."

A nan na tuna ni malami ne. Na fara bayani: akwai cajin waya, akwai na batirin mota, wanda tunani ya yi wa yawa ma cewa yake kansa ya ɗau caji.

Ta dube ni ta ce, "Duk ka san wannan, ka goyo ni har nan?"

Mai janareta ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta karɓe kwanon furar daga hannun Yaya, ta zauna ta shanye, ta ce tunda an zo sai an saya mata tabarma.