Lahadin da Tulu Ya Gagare Ni

Matso kusa ka ji, mai karatu, don wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce. Akwai wata Lahadi da ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ita dai ba za ta fita raina ba.

Ni ba mai yawo ba ce. Daga gidanmu a Tudun Wada sai coci, kasuwa ma sai ta kama dole. Injin markaɗe nake da shi a ƙofar gida, a zumuntar mata kuma ni ce mai kaɗa tulu in ana waƙa. Ɗa guda Allah ya ba ni, bayan na daɗe ina jira har dangin miji sun gaji da habaici. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa nake ce masa Babana. Ubansa ya rasu yana sakandare, da markaɗen nan na riƙe shi har ya gama karatun jinya.

Wata rana ina wanke inji ya zo ya tsuguna. Ya ce, "Mama, ikilisiya na neman mai bishara da ya san aikin jinya, a wani ƙauye can cikin daji. Na ji a raina ni ne."

Da ya faɗi sunan ƙauyen sai na saki wankin injin. Hanya ce da kowa ya san ana ɗauke mutane a kanta.

Na ce, "Ka ji a ranka? To ni ma na ji a raina ba ka zuwa."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba zan tafi ba sai kin sa mini hannu."

A cocinmu ba a aika mutum aikin bishara sai uwa ko uba sun fito gaban jama'a sun ɗora masa hannu a ka. Ka ga ke nan zancen ya dawo kaina. In na ƙi, ɗana na nan kusa da ni, kuma ba mai zagina.

Kwanakin nan ban san me nake yi ba. Tuwo ya ƙone, miya ta yi gishiri, har waken wata na haɗa da tattasan wata. Matan zumunta suka yi ta zuwa suna ƙarfafa ni, ina jinsu ina cewa a zuciya, ku da 'ya'yanku ke ofis a Kaduna.

Sai Hajiya ta kawo waken ƙosai. Musulma ce, katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya. Na ce yauwa, ga wadda za ta goya mini baya.

"Hajiya, ki tsawata wa ɗanki, yana jin maganarki."

Tana kwashe ƙullunta ta ce, "Maman Baba, ni ban san addininku ba. Amma ranar naƙudar yaron nan ni na riƙe ki a bayan tasi. Kina ta cewa, ya Yesu, in Ka ba ni shi da rai, Naka ne. Kin maimaita har direba ya ce amin."

"Ai zafin naƙuda ne, Hajiya."

"To Shi da kika yi wa alkawarin, kin gaya Masa zafi ne?"

Ta ɗauki robarta, a bakin ƙofa ta juyo da hawaye ta ce, "Kar ki zaci ni ina so ya tafi."

Ranar Lahadin da aka sa don sallamarsa na ɗaura zanen zumunta, na zauna da tulu a cinya. Na sha kaɗa shi ana sallamar 'ya'yan wasu, har ina rangaji. Ranar hannuna rawa yake, kiɗan ya ƙi tafiya da waƙa, sai ta kusa da ni ta zare tulun a hankali. Ina ta duban ƙofa. Na tuna uban masu bangaskiya da aka ce ya miƙa ɗansa, daga ƙarshe aka ba shi rago. Na ce ko ni ma nawa ragon zai shigo, wani ya ce shi zai je. Ba wanda ya shigo.

Fasto ya ce, "Mama, ki fito."

Na tashi na fita gaban jama'a. Babana ya durƙusa. Da na ɗora hannu sai yatsana ya faɗa kan tabon da ya samu yana rarrafe, ranar da ya faɗa kan turmi. Fasto ya miƙo mini abin magana, abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ubangiji, ga shi. Amma Ka sani ina tsoro."

Har yau yana can. Ba sabis a ƙauyen, sai ranar kasuwa yake hawa dutse ya kira ni. In waya ba ta yi ƙara ba, abinci ba ya shiga, Hajiya ta zo mu zauna mu zuba wa wayar ido tare.

A da ina zaton wanda ya yi wa Allah biyayya tsoro zai sake shi. Ni bai sake ni ba. Abin da na koya shi ne ana iya miƙa wa Allah abu hannu yana rawa, kuma Ya karɓa. Kai fa, in Ya nuna abin da ka fi so ya ce a ba Shi, kuma rago bai zo ba, za ka ɗora hannun?