Shekarar Goggo Mai Kwali

A hawa na huɗu Goggo take zaune, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. Bayan rasuwar mijinta ɗanta ya ɗauko ta daga gida zuwa wani birni mai nisa, wai ta zo ta ɗan huta. Shi direba ne, fitar asuba yake yi. Matarsa kuma aikin asibiti. Sai aka bar Goggo da jikoki biyu da gwiwar da ba ta son matakala.

Jikokin suna jin Hausa, amma ba sa mayarwa, balle karantawa. Ita ma karatun nata bai yi nisa ba, ko firamare ba ta gama ba. Duk da haka ta nemi almakashi, ta yayyanka kwalin madara, ta rubuta manyan baƙaƙe a kai: RUWA, LAKA, KWAƊO. Sai ta zaunar da su ta ba su labarin kwaɗon da ya ari takalmi don kada laka ta ɓata masa ƙafa. In sun gama dariya, ta ɗaga kwali ta ce, “Wa zai nuna min mai takalmin?”

Doka ɗaya gare ta. Ba ta ba da labarin damina sai ruwa na dukan taga. Na zafi sai bango ya yi ɗumi, na sanyi sai yara sun shigo suna hura hannu. A ganinta, kalmar da yaro bai ji a jikinsa ba, ba ta zama a kansa.

Kafin a ce haka, maƙwabta sun ji labari. Wannan ta turo nata, waccan ta kawo biyu, yara suka laƙaba mata Goggo Mai Kwali. Kowane yaro da lokacin da ya shigo. Wanda ya fara da sanyi sai ya ga zafi da damina kafin karatunsa ya haɗu, kafin nan kuwa wani ya shigo a tsakiya.

Can gida akwai Yaya, wadda ta goye ta tana jaririya, wadda kuma duk labaran nan daga bakinta Goggo ta ji su. Ciwo ya kwantar da ita. Duk Juma'a sai an kira mata Goggo a waya, tambayar kuma ɗaya ce: “Yaushe?”

“In sanyi ya wuce, Yaya.” Sanyi ya wuce. “In an yi ruwa, da yardar Allah.”

Surukarta ta taɓa ce mata, “Goggo, ki haɗa musu duka a wata guda mana, ki tafi ki ga Yaya.”

Ta gwada. Rana tsaka, fanka na juyawa, ta fara labarin akuyar da ta saci bargo. Babban jikanta ya share gumi ya ce, “Goggo, wannan akuyar lafiyarta ƙalau kuwa?” Aka kwashe da dariya. Washegari ba wanda ya gane BARGO a kwali. Ta koma kan dokarta.

Da damina ta kama a shekara ta uku, ta haɗa jakarta. Ɗanta ya amince, har ya sa ranar tafiya. Sai ga matar tela ta hawa na biyu ta hawo tana haki, riƙe da hannun autarta.

“Goggo, don girman Allah. Jiya kakarta ta kira, yarinyar nan ta riƙe waya kamar an ba ta maciji. Ko ‘ina kwana’ ta kasa. Tsohuwa ta yi ta kuka.”

“Ni tafiya zan yi, 'yar nan.”

“Ai za ki dawo.”

Goggo ta san in ta sauka matakalar nan ba za ta sake hawa ba. Yarinyar kuwa ta riga ta zame ta tsaya a taga, ta zura yatsa waje tana tarar ɗigo.

“Mene ne wannan?” in ji Goggo.

Yarinyar ta dubi ɗigon da ke yatsanta.

“Ru-wa,” in ji Goggo.

“Luwa,” in ji yarinyar, can ƙasa-ƙasa.

Matar tela ta dafe ƙirji. Goggo ta dubi jakarta a gefen gado, ta kawar da kai.

Ranar Juma'a, bayan ta idar da salla, waya ta yi ƙara.

“Ina jin ruwa ta wayarki,” in ji Yaya. Muryar ta yi siriri.

“Yaya, wata yarinya ce aka kawo...”

“Kullum wata yarinya ce. Ke tun kina ƙarama ba ki iya barin abu rabi ba, har duka na sha yi miki a kai.” Ta yi tari mai tsawo. “Kar ki ƙara sa min rana, jiran yana gajiyar da ni. Na so a ce ke za ki yi min wanka in ta Allah ta kasance. Na faɗa wa matar liman ta zauna da shiri.”

Goggo ta buɗe baki za ta ce gobe, ko jibi. A bakin ƙofa aka fara ƙwanƙwasawa da ƙananan hannuwa, ana turereniya, ana kiran sunanta.

“To, Yaya,” ta ce. “Allah ya ba ki sauƙi.”