Saƙon da Ya Mayar da Ni Baba

Shekarar da aka raba gadon gidanmu na Gobarau, 'yan'uwa suka sayar da shi kowa ya kama gabansa, ni na tashi da keken ɗinkina da katifa da buta. Matata ta riga ta rasu, ɗiyata tana aure a Funtuwa. Sai na koma kwana a shago. Da rana shagon nan majalisa ce, in na fara zuba har mai shayin tsallaken titi yakan bar madararsa ta ƙone. Amma da an idar da Magariba kowa ya nufi gidansa, a bar ni da ƙyallaye. Har almakashi na fara yi wa hira.

Wani da nake yi wa ɗinki ya turo mini sanarwa a waya. Samari uku ne, ma'aikata, suna haya tare a Kambarawa, an yi wa na huɗunsu canjin wurin aiki. Ɗakuna huɗu, falo ɗaya, kicin ɗaya. Mai son ɗakin ya rubuto saƙo ya faɗi ko shi wane ne. Ni ɗakin bai dame ni ba, falon nake so, inda in na yi magana wani zai tanka.

Na zauna bakin keke na rubuta. Na ce ni ne telan da ya taɓa ɗinka wa raƙumi wando kuma ya yi masa cif. Na ce minsharina ba ya wuce unguwa biyu, kuma in na ɗora shinkafa da wake maƙwabta kan shigo gaisuwa ba tare da an yi rasuwa ba. Saƙon ya yi mini daɗi, har na hau acaɓa na tafi Ƙofar 'Yandaka in karanta wa yayata.

Tana tsintar zogale ta saurara har ƙarshe, ko murmushi babu. Ta ce wannan ai takardar mahaukaci ce, yaran mutane masu aikin ofis ba za su sa ɗan wasan kwaikwayo a gidansu ba. Ta ce in nuna musu furfurata, ita kaɗai ce dukiyar da ta rage mini.

"Mi za ka yi da raƙumi a neman ɗaki? Goge shi."

Na goge raƙumi, na goge wake. Muka sake sabo, tana faɗa ina dannawa. Sallama tukuna, sannan ina gajiya, ina aiki, yaya mutanen gida, yaya iyaye, yaya zafin gari. Gaisuwar kaɗai ta cika fuskar wayar sau biyu. Na rubuta shekaruna hamsin da biyu, ba na barin jam'i, ba na son hayaniya. A nan yatsana ya tsaya, don ni da hayaniya uwa ɗaya ta haife mu, amma Yaya ta harare ni na danna. Ta ce in rufe da "Allah ya yi muku albarka." Duk wanda ya tashi a garin nan ya san uba ke faɗa wa ɗa haka, ba abokin zama ba. Na sani sarai, na tura.

Kafin La'asar amsa ta zo: "Amin, Baba. Ɗaki naka ne."

Ran da na tare, su ukun suka fito har bakin titi suka durƙusa. Ko buta ba su bari na ɗauka ba. Babbansu, mai aiki a ofishin ruwa, ya ce sun yi shawara ya bar mini nasa ɗakin, na can ƙarshe mai ƙofarsa ta waje, don kada surutunsu ya dame ni. Na yi godiya. Me zan ce?

Yaran kirki ne, Allah ya sani. In suna kallon ƙwallo ihunsu na kaiwa har Jibiya, amma da na yi sallama ƙafafu su sauka daga kan kujeru, a miƙo mini rimot da hannu biyu, a mayar da tashar labarai. Can wannan ya tuna yana da waya da zai amsa, wancan ya tuna wankinsa. Abinci kuwa su ci a faranti ɗaya, nawa a kawo ɗaki a kwano mai murfi, da naman da ya fi kowane girma.

Wata ranar Asabar na ce yau sai na fasa wannan ladabi. Na same su a falo, na gyara zama, na ce sauron ɗakina ya ƙasaita, jiya ɗaya ya tashe ni ya ce in gwada shi babbar riga, yadi goma sha biyu, da aiki a wuya. A shago da wannan sai an ɗauke wani a ƙasa don dariya. Su kuwa suka sunkuyar da kai. Ƙaraminsu na ga kafaɗarsa ta motsa, ya cije leɓe ya danne.

"Subhanallahi. A yi haƙuri, Baba," in ji babban, "sakacinmu ne."

Washegari na dawo daga shago na tarar an fesa wa ɗakin magani, an buga ƙusa huɗu a bango, an ɗaura mini sabon gidan sauro. Na shiga na sassoke gefensa ƙarƙashin katifa, na kwanta ina jin su ta bango suna gardamar wanda ya ɓarar da fanareti.