Aron Rariya

Buhun na fara gani, kafin fuskar mai babur ɗin. Na fito zubar da toka da hantsi, sai ga shi ya gifta ta bakin rijiya da farin buhu mai shuɗin tambari ɗaure a bayansa. Na san buhun nan. Ni na taya wata tsohuwa ɗora shi a ka ranar rabo, kuma ba ta da ɗa mai babur. Nan take na juya gida da sauri. Har yau, in babur ya rage gudu a ƙofar gida sai in kasa kunne.

Amma bari in koma baya, don ku gane yadda aka yi na kuɓuta.

Na tashi a hannun kakata, wadda muke kira Iya, a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa. Lokacin da na fi tunawa shi ne tsakiyar damina, sa'ad da marka ta zauna, rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. Gari kan cika da warin jiƙaƙƙen kara da ya ƙi kama wuta. Iya takan zauna bakin ɗakinta ta kasa kunne. Gidan da aka wuni ba a ji ƙarar taɓarya ba, ta san abin da ke ciki.

Sai ta cika ƙwarya da gero, ta rufe da faifai, ta kira ni.

"Ke mai ƙafar zalɓe, je ki aro mini rariya."

"Iya, ga tamu can a rataye."

"Na tambaye ki tamu? Wuce, sarkin surutu."

Ba ta ƙofa nake bi ba. Gidajenmu darni ne ya raba su, kuma kowane darni yana da 'yar kafa da mata ke bi su gaisa ba tare da sun fita waje ba. In na isa, sai in ajiye ƙwaryar gefen turmi kamar na gaji da ɗauka, in durƙusa in ce Iya ta ce a ara mata rariya. Matar gida ta miƙo mini, har da cewa kada a daɗe da ita. In juyo da rariya, in manta ƙwarya. Haka zan fito a matsayin wadda ta zo roƙo, ita kuma a matsayin wadda ta taimaka. Babu mai godiya, babu mai sunkuyar da kai. Sai da na shiga sakandare na gane ba rariya ake so ba.

Da ɓarayin daji suka hana noma, gidajen da taɓarya ta yi shiru suka fi ƙarfin ƙwaryar Iya. Sai wata ƙungiyar agaji ta zo daga birni da motar hatsi. Suna neman yarinya mai ɗan karatu da ta san gidaje, aka nuna ni. Aka ba ni riga mai tambarinsu, na sa ina jin kaina. Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne, kuma hatsin nan ya raya yara. Sai dai komai a fili aka yi shi, a harabar firamare, kowace mace ta rungumi buhunta a ɗauke ta hoto, ni a gefenta.

Na ce wa shugabarsu, "Hajiya, matan nan kunya suke ji."

Ta ce, "Na sani, ƙanwata. Amma masu ba da taimakon suna nesa, kuma sun rage hannu. In ba su ga hoto ba, babu buhu ko ɗaya baɗi."

Da na ba Iya labari, sai ta ce, "An ciyar da su, an kuma nuna su."

Hoton ya bi wayoyi har ya isa inda ba a aika shi ba. Ranar da na ga buhun a bayan babur, ban gama shiga gida ba sai ga matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kafar darni, tana haki. Ta ce baƙi sun tsaya bakin kasuwa suna nuna waya, suna tambayar gidan yarinyar ƙungiya. A ganinsu na san inda aka ɓoye sauran hatsin, kuma ƙungiya za ta fanshe ni.

Na fashe da kuka. Iya ta fizge hijabina, ta jefa mini tsohon zanenta.

"Kuka na mi? Hanyar da kika bi tun kina tsirara, yau za ki manta ta?"

Na sunkuya na shige kafar. Kowane gida na faɗa, mace ta kama hannuna ta tura ni gaba, ba tambaya. Ga turmin da nake ajiye ƙwarya, ga bishiyar zogalen da ke kama mini ɗankwali. Ina jin babura suna zagayawa a waje, kaji suna watsewa. Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ne da na sha yi wa aro. Ta ciro rariya daga jikin bango ta danƙa mini.

"Riƙe, ɗiyata. Kowa ya tare ki, aro kika zo. Kin dai saba."

Ashe duk sun sani, tun ina ƙarama. Ta cusa ni tsakiyar matan da ke hawa motar kasuwar Ƙanƙara, wata ta ɗora mini jaririnta a cinya.

Yanzu ina da bakin magana a kan taimako, kuma ba na shakkar abin da zan faɗa. Ƙwaryar Iya ba za ta ciyar da ƙauyen da aka raba da gonakinsa ba, muna bukatar motar nan. Amma duk mai son ba mu, ya fara tambayar matan gida ta wace kafa ake shiga. Buhu ba ya bukatar tambari kafin ya zama tuwo. A wajenmu, wanda aka nuna wa duniya an ba shi, an nuna wa daji ma.

A ranar da na gudu, la'asar sakaliya, kawuna ya shigo inda nake rakuɓe a ɗakin matarsa a Ƙanƙara, waya a hannunsa. Ya ce masu baburan sun bi gida gida, kowace mace ta ce ba ta san wata yarinyar ƙungiya ba, har sun gaji sun koma.

"Kin tsira. Sha ruwa."

Na kasa karɓar kofin. Sai a lokacin na ga har yanzu rariyar na hannuna, bakinta ya yi mini shaida a yatsu.

Kawu ya ce, "Af, Iya ta ba da saƙo. Ta ce rariyar mutane ce, kada ki daɗe da ita."