Goran Dabo Mai Sawun Zabuwa

A Maruta ta ƙasar Gwaram, zamanin da ba a san wata tafiya ba sai ta ƙafa da ta jaki, an yi wani manomi ana ce masa Dabo. Jama'a na fama da gero da dawa, shi kuwa rabin gonarsa duma ne, irin mai ƙaton goran nan da masunci kan kifa cikinsa a kai ya yi ta yawo bisa ruwa da homa a hannu. Goransa ba ya shan ruwa, ba ya saurin tsagewa. In ya bushe ya ƙwaƙule shi, sai ya sa ƙarfe a wuta ya ja masa zane uku a wuya, kamar sawun zabuwa.

Da rani, in ruwan kogin Bunga ya ja baya, masunta kan zo daga nesa neman gora. Ƙanana yakan sayar. Manyan kuwa sam. Sai ya dubi mutum ya ce, "Ɗauka. Amma ran da na biyo ta garinku, ina da masauki?" Wa zai ƙi? Kowa ya ce akwai, ya ɗauki gora ya tafi yana dariyar wautar mutumin Maruta.

Dabo kuwa ya san abin da yake yi. Tun yana saurayi ya ji a bakin masunta cewa kogin nan da ke wucewa ta gefen gonarsa, in ka bi shi gabas, yana kai ka tafkin Chadi, ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya jefa homarsa a can. Masaukai yake jerawa a bakin kogin, gari bayan gari: Iliyasu a Jama'are, wane kusa da Katagum, Manu can ƙasar Bade.

Sai dai kowace shekara da abin da ke tare shi. Bana mahara sun hana hanya, baɗi damina ta gaza, wata shekarar aurar da 'ya. Maƙwabcinsa Barau, wanzami mai bakin tsiya, ya laƙa masa suna Dabo Baɗi, sunan kuma ya bi shi har kasuwa. Matarsa Turai, 'yar Birnin Kudu, ita ma ba ta raga masa. "Malam, kai da kwana ɗaya a gidanmu sai ka tashi kana ƙorafin tabarma, kai ne za ka Chadi?"

Sai da furfura ta cinye gemunsa, wata kaka bayan an kai amfanin gona rumbu, ya ɗaure homa, ya saɓa goran da ya fi kowanne a gonar, ya yi sallama. Turai ta cusa masa guzuri tana faɗa, don kada a ga idonta ya kawo ruwa.

Masaukai kuwa ba su ba shi kunya ba. Iliyasu ya yanka masa zakara. Na Katagum ya tarar ya rasu, amma 'ya'yansa na ganin zanen suka ce, "Baba ya bar mana wasiyyar mai sawun zabuwa," suka share masa ɗaki. Ya yi su tare da su a gurabun kogin, ya ci tarwaɗa har ta ishe shi.

A gidan Manu jerin ya ƙare. Manu ya ce, "Baba, daga nan ban san kowa ba, Hausarka ma ba za ta fisshe ka ba. Ka ga ruwa, ka ci kifi. Koma gida."

Dabo ya tuna Barau, ya tuna sunan nan. Ya ce, "In na juya a nan, Baɗi zan mutu."

Ya ci gaba. Guzuri ya ƙare, faso ya tsattsage masa diddige, ya yi ta kwana a gindin itace. Wata hantsi ya ratsa ta cikin dogayen ciyayi, sai ga ruwa shimfiɗe har inda ya haɗe da sama, tsuntsaye fari fat a kansa. Dattijon nan ya tsaya ya yi kuka, bai ji kunya ba.

Masuntan wurin suka kewaye shi, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Wani ya nuna masa hanyar da ya fito, alamar ya koma. Ana cikin haka wani tsoho ya sa hannu ya juya goran, ya ƙura wa wuyansa ido. Ya tafi da sauri ya dawo da nasa, wani tsohon gora baƙi ƙirin, duk ɗinki da danƙo. Zane uku ne a wuyansa. Ta hannu nawa ya bi ya iso nan, Allah kaɗai ya sani. Dabo ya nuna zanen, ya bugi ƙirjinsa. Tsohon ya kama hannunsa ya ja shi har bukkarsa.

Washegari Dabo ya kifa ciki a kan goransa ya shiga Chadi. Gaskiya ba wani abin kirki ya kama ba, 'yan ƙarfasa ne, mutanen wurin har da riƙe ciki don dariya. Shi ko a jikinsa. Da zai taho ya bar wa tsohon nan sabon goran, don nasa ya gama aiki.

Ya iso Maruta a rame, ba gora, kifin da ya banda ma yunwa ta sa ya cinye a hanya. Barau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Katagum dai aka je aka laɓe, ko?" Gari ya ɗauka. Abin ya ci wa Dabo rai ƙwarai, har ya daina ba da labarin. Turai ma ta bar tsokanarsa, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo, don ya san tausayinsa take ji.

Damina ta wuce, rani ya sake zagayowa. Ran nan da la'asar sai ga wasu dogayen mutane biyu a bakin masallaci, ƙafafunsu furu-furu, ba mai gane maganarsu. Da suka gaji, ɗayan ya tsuguna ya ja zane uku a ƙasa. Aka raka su ƙofar Dabo. 'Ya'yan tsohon nan na Chadi ne, sun biyo masaukan Dabo ɗaya bayan ɗaya daga can ƙarshe, suna neman gora.

Turai ce ta fito da sabuwar tabarmar da ba ta taɓa shimfiɗa wa kowa ba, ta baza a zaure, ta kawo fura. Sannan ta matsa jikin danga ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Barau! Ajiye askar nan ka zo. Mutanen Chadi sun sauka a gidan Malam Dabo, zo ka tambaye su da bakinka."