Kitson da Yaya Kulu Ta Ƙi Tsefewa

Da daminar bana Yaya Kulu ta cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Ita ce babbar yayata, ita ta goye ni, kuma ita kaɗai ce a gidanmu take kirana Bawa ba tare da ta ƙara Alhaji ba. Allah ya jiƙanta. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bar mini tambaya ce guda, kuma har yau ban gama da ita ba.

Ni dillalin shanu ne a Gummi. Da igiya ɗaya na fara, kuma abin da ya tsayar da ni a kasuwa shi ne ban taɓa karɓar saniyar da ban san garken da ta fito ba. Sai na ga mai ita, ko na ga wanda ya san mai ita, domin ba na son a kira ni ɓarawon zaune. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa mutumin da aka rufe wa ido a labarin nan ba sakarai ba ne.

Yaya Kulu ta yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin Malam Isa ba ta haihu ba. Ta yi riƙon 'ya'yan dangi, su girma su koma gidan iyayensu, kamar yadda al'ada take. Shekara uku kafin rasuwarta wani mutum ya zo mana ta hannun wani abokin cinikina na Anka. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, da jakar fata a hammata. Ya ce yana aiki da wani gidan marayu a Nijar, kuma yana sama wa yara iyaye a wannan ɓangaren. Ya ce idan aka bi hanyar hukuma sai an je kotun can, an je ofishin walwalar jama'a na nan, an kawo shaidu, an zo an duba gida, abin yakan ci shekara biyu. Shi kuwa ya san mutane, wata ɗaya ya ishe shi.

Tun daga nan ya kamata in tsaya. Araha ba ta ado. Amma na ga fuskar yayata, sai na ce ya kawo takardu. Ya kawo su, da hatimi ja da shuɗi, duk da Faransanci. Na kai wa wata malamar makaranta mai jin Faransanci, Madam Rahila, 'yar Filato da ta daɗe a garinmu, ta karanta mini. Takarda ta ce uban yarinyar ya rasu, uwar ta bi shi shekara guda da ta wuce, tun lokacin tana gidan marayu. Madam Rahila ta ce mini, "Alhaji, abin da aka rubuta na karanta maka, ban ce na san wanda ya rubuta ba." Na ji ta, amma ban saurara ba.

Ranar da ya kawo yarinyar, Yaya ta riga ta ɗinka mata kaya kala uku. 'Yar Fulani ce da ba ta kai shekara uku ba, ba ta magana sai kallo. Yaya ta ɗora ta a cinya, ta zame ɗankwalin da aka ɗaura mata, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta sunkuya ta shinshina kan. Sannan ta ɗago ta dubi mutumin.

"Malam, wa yay yi mata kitson ga?"

Ya yi dariya ya ce ma'aikatan gidan ne. Bayan ya fita ta kira ni ɗaki ta nuna mini. Kitso ne ƙanana, an ja su a hankali don kada su yi wa yaro zafi, an shafe su da man shanu, an saƙa zare baƙi da tsakiya guda, ɗan dutsen ado, a ƙeya. Bai yi sati biyu ba. Ta ce, "Bawa, inda yara suka yi yawa aski ake musu. Wanda ya zauna ya yi wanga, yini guda ya ba ta. Ɗiyag ga tana da uwa."

Na yi gardama. Na ce ga hatimi, ga sa hannu. Ta ce ni da ba na sayen saniya sai na duba shaidar da ke cinyarta, yau takarda ta ishe ni a kan ɗan mutum?

Ta ƙi tsefe kitson. Ya tsufa, ya fara tashi, maƙwabta suna cewa ta gyara wa yarinya kai, ta ce a'a, shi ne kaɗai adireshin da take da shi. Duk mai tallar nono da ta shigo gidan sai ta nuna mata. A sati na uku wata tsohuwa daga wajen Bukkuyum, Goggo Dudu, ta duba ta ce irin na danginsu ne da ke kiwo a bayan Gaya ta Nijar. Surukinta ya san rugagen. Shi ya raka mu, ni da Yaya da Malam Isa, muka bi ta Kamba muka tsallaka. Mai jakar fata kuwa tun da ya ji muna tambaya wayarsa ta daina shiga.

A ruga ta huɗu muka sami uwar. Sunanta Dije, mijinta ya rasu da gaske, ita kuwa ga ta a tsaye tana daka. An ce mata za a kai yarinyar riƙo cikin gari wurin wata hajiya, ta yi karatu, ta riƙa zuwa gida da Sallah. Ta dangwala yatsa a kan takardar da ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ta yi mata kitson ne don kada a ce ɗiyarta ta fito daga gidan da ba a kula da ita. Ba zan kwatanta yadda ta yar da taɓarya ba. Yaya ta kwance goyo, ta miƙa, ta ajiye kayan nan kala uku a kan tabarma. Muka juyo gida ta Kamba.

Yau abin ya fi sauƙi ga irin mutumin nan. Ba ya bukatar jaka. Hoton yaro ake turo maka a waya, da labari mai sa kuka, da alkawarin takardu cikin mako biyu. Da rashin zaman lafiyar da ya tarwatsa ƙauyukanmu, marayu na gaske sun yi yawa, kuma a cikin na gaske ake ɓoye na ƙarya. Ba na cewa duk mai wannan aiki macuci ne. Akwai masu bin kotu da hukuma, su jira, su yarda a zo a bincike su. Amma duk wanda ya ce mini zai gajarta wannan hanya, sai in tambayi kaina wa ake so a tsallake. Da Yaya tana nan, na san ba za ta dubi hoton ba. Cewa za ta yi a kai ta inda yaron ya kwana jiya.

Akwai abin da ya fi damuna. A cikin jakar nan na ga hotunan wasu yaran, ban ƙirga ba. Akwai wani saurayi a wani gida a Anka, ana kiransa da sunan maigidan, kuma na san shekarar da ya zo, na san mai jakar nan ne ya kawo shi. Mutanen kirki ne, sun riƙe shi da amana. Sau da yawa na tsaya a ƙofar gidan, mu gaisa, in wuce. Namiji ne, ba shi da kitson da za a bi.

Yarinyar tana nan, ta yi aure a rugarsu, ba ta yi karatun ba. Wani lokaci nakan ce da an bar ta a Gummi da ta fi haka. Na taɓa faɗa wa Yaya wannan tana kwance a ciwon ajalinta. Ta ce, "Wataƙila. Amma da kullum na tsefe mata kai, hannun wata nake warwarewa."

Bayan Sallah zan je Anka. Wannan karon zan shiga, in zauna, in tambaya.