Zaren Likkafanin Inna

Har yanzu in wani ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Baba, wane zare ne ya fi ƙarfi?" sai in ji raina ya ɓaci. Na san ba laifinsa ba ne, amma tambayar ce ba ta da kai. Ƙarfi, ƙarfi, kullum ƙarfi, sai ka ce dambe za a yi da jakar! Nakan ce ya miƙo fatar in taɓa tukuna. In ya gaji da jira ya wuce kanti, Allah ya raka taki gona.

Mu dukawa ne tun kaka da kakanni, a wani ƙauye arewa da Kano, inda gona ke manne da gona har ba ka da wurin ɗaure akuya ba ta kai bakinta shukar maƙwabci ba. Da damina mu yi noma, da rani mu zauna a zaure da fata da basilla. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar min wata gonar kirki ba. Abin da ya bar min magana ce guda, wadda ya yi ta nanatawa har ta gundure ni: kada zare ya fi fata ƙarfi. In zare ya tsinke, in ji shi, a sake ɗinki. In fata ta yage kuwa, sai a nemo wata saniyar.

Zaren da muke ɗinki da shi, Inna ce ke kaɗa mana, wato mahaifiyata. Ita ke gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta zauna a ƙofar ɗakinta da mazari tana dangwalar alli. Ni kuma in haɗa silin uku ko huɗu, in murza a cinya, in goga masa kakin zuma. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko maganar kirki ba ta yi da ni ido da ido. In tana son in ji wani abu, sai ta gaya wa matata da ƙarfi, ko ta gaya wa bango.

Akwai wata tukunya a ƙuryar ɗakinta, a rufe da faifai, da dutse a kai saboda ɓeraye. Tun rasuwar mahaifina ta fara tara zare a ciki, dunƙule bayan dunƙule, daga audugar da ta fi kowacce fari. Kowa a gidan ya san na mene ne. Na likkafaninta ne. Ta ce uwarta da kakarta duk da kaɗin hannunsu aka rufe su, ita ma ba za ta shiga kabari da alawayyon kanti ba, wanda ba ta san hannun da ya taɓa shi ba. In tukunyar ta cika za ta kai wa masaƙin unguwarmu ya saƙa mata. Shi kuwa tsohon, da yake abokin wasanta ne, in ya gan ta sai ya ce, "Tsohuwa, ki yi sauri fa, kada in riga ki." Ta ce, "Ka riga ni mana, masaƙa sun ƙare ne?" Saura kaɗan tukunyar ta cika lokacin da fari ya zo.

Ba na son ba da labarin shekarun nan, sun gajiyar da ni tun ina cikinsu. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Gyaɗa sai dai labari. Auduga kuwa, wa ke ta auduga? Maza suka watse cin rani tun kafin lokacinsa. Ni ban tafi ba, don ina da tsohuwa da mata da yara ƙanana, kuma babu wani namiji a gidan bayana.

Abu ɗaya ne ya yi araha, fata. Shanu na faɗuwa, ana rige-rigen yanka su kafin su yi mushe, majema har sun rasa wurin shanya. Sai dai fatar saniyar da yunwa ta cinye ba fata ba ce. In ka ɗaga ta a rana kamar ka hango mutum ta cikinta.

Ana nan sai aiki ya zo har gida. Wani mai jakai daga ƙauyen gabanmu ya shiga fataucin hatsi. Motoci na kawo dawa da masara daga kudu su sauke a kasuwar Ɗanbatta, shi kuma ya ɗauko a jakai ya bi ƙauyuka. Buhu ya yi wuya, wanda ake samu ma ƙaya na yaga shi a hanya. Taiki yake so, irin babbar jakar fatar nan da ake ɗora wa jaki. Ya ce in ɗinka masa, shi da abokan tafiyarsa, a biya ni da dawa. Wallahi ranar har na ji ƙwalla. Dawa fa, a shekarar da muke cin tafasa da dusa!

Sai ga shi ba zare. Ragowar na aiki ya ƙare tuni, kuma ba a samun ko ƙwarar auduga a garin. Na shiga kasuwa na tarar da wani zare ya shigo, mai sheƙi, wanda muke kira zaren roba. Mai sayarwa ya ce in ja in gani. Na ja har ya yanke ni a yatsa, bai tsinke ba. Maganar mahaifina ta faɗo min a rai, amma da babu gara ba daɗi. Na saya, na ɗinke taiki biyu.

Kasuwa ɗaya suka yi. Kashegari mai jakai ya shigo zaurena ko sallama babu, ya jefar da taikin a gabana. Zaren yana nan lafiya ƙalau, ko gezau bai yi ba. Fatar ce ya bi ya yanka daga huda zuwa huda, kamar an bi da aska. Ya ce a tsakiyar yashi abin ya fashe, dawa ta watse, mata da yara suka fito da faifai suna tankaɗe ƙasa, shi kuma ya kasa hana su don kunya. Ya zage ni, ya zagi basillata. Da zai fita ya juyo ya ce, "Don darajar mahaifinka zan dawo. In ba ka samo zaren kirki ba kafin kasuwa mai zuwa, na kai aikina wani wuri."

Na gwada duk abin da na sani. Na yanka siririyar fata in ɗinka da ita, tana tsinkewa a hannuna. Na warware wani tsohon gwado, zarensa ya ruɓe. Na bi gida gida ina tambayar tsofaffi ko da sauran kaɗi, kowa ta ce ta sayar tun tuni ta ci. Tukunyar Inna kuwa, Allah shi ne shaidata, na hana zuciyata zuwa wurin. In na shiga cikin gida ma ba na kallon ƙofar ɗakinta.

Da hantsi ina zaune a zaure, na haɗa kai da gwiwa, sai na ji an dire abu a bayan ƙofa. Na leƙa. Tukunyar ce, Inna na tsaye ta ba ni baya, tana kallon katanga.

"A gaya wa mai gidan nan," in ji ta, "ga zare nan."

Na ce, "Haba Inna! Allah ya kiyaye. Mayar da abinki."

Ta ce, "A gaya masa gawa ba ta jin sanyi. Yaran can kuwa suna jin yunwa, da kunnena nake jin kukansu."

Na ce ba zan taɓa ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. A nan ne ta juyo ta dube ni, kallon da zan iya ƙirga irinsa a rayuwata, ta ce, "Kai wannan, ubanka bai koya maka musu da ni ba." Ta koma ɗakinta tana jan ƙafa.

Na buɗe tukunyar. Kai! Ban taɓa riƙe zare irin wannan ba. Siriri, sumul, babu kauri a nan rama a can. Na haɗa silin huɗu na murza, na goga kaki. Da na ɗinka sai ya kwanta cikin fatar ya yi luf. In aka ɗora kaya yakan ɗan saki, fatar ta saki tare da shi. Taikin ya je Ɗanbatta ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Mai jakai ya kawo dawa, ya kawo abokansa. Aka ɗora tukunyar tuwo a gidanmu, maƙwabta ma suka samu abin sawa a baki.

Na yi wa Inna alkawari ta bakin matata: ruwa na sauka zan shuka mata auduga a bayan gida, ta mayar da duk abin da aka ɗiba. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Farin bai tafi a shekara ɗaya ba. Taiki ya tsufa a kawo gyara, wani ya kawo sabo. Duk lokacin da na zura hannu a tukunyar sai na ji ya ƙara nisa kafin ya taɓa zare. Na shiga tsumulmula, mai silin huɗu ya koma uku. Ko guntun da ya rage a basilla ba na yarwa. Inna kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Amma na sha ganinta, in ta zo wucewa, ta ɗaga faifan ta leƙa ta mayar. Wannan leƙen ya fi zagin mai jakai ciwo a wurina.

Wata rana na zo ɗiba na tarar saura dunƙule biyu. Na ɗauki ɗaya. Da na dawo neman na ƙarshen, babu shi. Matata ta ce Inna ce ta ɗauke, ta ƙulle a bakin zanenta. Daɗi ma na ji, don da ta bar shi da na ɗinke shi.

Da Allah ya kawo ruwa na cika alkawari. Mutane na ta yi min dariya, wai ana neman gero ni ina ɓata ƙasa da auduga. Oho dai. Audugar ta yi, na tsinko na kai mata cikin kwando. Ta gurza, matata ta taya ta shiɓa. Ta ɗauko mazari ta zauna inda ta saba zama. Ta murza, zare ya tsinke. Ta sake, ya tsinke. Yunwar shekarun nan ta riga ta shiga hannun, rawa yake yi ko da tana zaune kawai. Yini guda tana fama, ina jinta daga zaure. Da la'asar ta ajiye mazarin a cikin kwandon ta ce wa matata, "Ɗauki, ki kaɗa wa mijinki na aiki." Matata ta ce za ta kaɗa mata na likkafanin. Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ba shi ba ne." Ba ta ƙara taɓa mazari ba.

Ba ta ga wata kakar ba. Da safe ta cika, bayan ɗan zazzaɓi. Na aika aka sayo alawayyo a kanti, abin da ta ce ba ta so. Ina kallo aka shimfiɗa shi a zaurena, a kan tabarmar da nake aiki, dattawa suka kewaye shi suna yagawa. A garinmu daga jikin yadin ake zaro zaren da za a haɗa likkafani. Masaƙin nan, abokin wasanta, shi ya fara zarowa, idonsa ya yi ja. Sai matata ta yi sallama daga bayan ƙofa ta miƙo min wani abu. Ta ce a bakin zanen Inna suka same shi da za su yi mata wanka. Dunƙulen ne, bai fi ƙwan zabuwa ba.

Na ce wa masaƙin, "Baba, dakata. Da wannan za a ɗinka, kuma ni zan ɗinka."

Ba wanda ya yi musu. Na zura zaren a allura. Hannuna ya tafi da kansa wurin kakin zuma, yadda ya saba. Tsohon ya riƙe min hannu ya ce, "A'a, ɗana. Wannan ɗinkin ba a son ya yi ƙarko. Sili ɗaya, ka yi shi da faɗi faɗi, kada ka ƙulla ƙarshensa."

Ni da na ƙare rayuwata ina ƙulla ɗinki don kada ya warware, ranar na yi wanda ya fi kowanne sako-sako. Na haɗa mata rigar, na haɗa zanen. Ina tsakiyar mayafin zaren ya ƙare, saura kamar kamu ɗaya. Na tsaya riƙe da allura, na kasa motsi. Na tuna taikunan da ke yawo a bayan jakai tsakanin Ɗanbatta da ƙauyuka, kowanne da rabonsa na likkafanin uwata. Kukan da na danne tun safe ya ƙwace min a gaban mutane.

Tsohon bai ce min in yi haƙuri ba. Ya zaro zare daga gefen alawayyon, ya karɓi allurar a hannuna, ya ƙarasa kamun da ya rage.